Lamba Goma Sha Bakwai

Shekara talatin da ɗaya ina wanke matan Mai Wurno,
ganyen magarya a ƙwarya, kafur a ƙullin gyale.
Ban taɓa yaye zanen mamaciya ba.
Hannu ke shiga ta ƙasa, ido na kan bango.
Haka Inna Tasalla ta koya mini, haka na riƙe.

Sai jikata Intisar, mai karatun likita a Madani,
ta ce, "Habboba, zo ki ga abin da kike wankewa."

Muka hau bas da asuba, kogi na biye da mu,
ni da tasbaha da guntun dabino.
Ɗakin na ƙasan bene, sanyi kamar randa,
da wani wari mai yaji a ido
wanda ba na mutuwa ba ne. Na san warin mutuwa.
Wannan warin hana ta aikinta ne.

Na farko namiji, a tsaye, ba fata,
hannu a ɗage kamar zai tsayar da mota.
Na kau da kai. Na sake dubawa.
Jijiya ta bi damtse kamar saiwar gawo a gaɓar kogi
bayan ruwa ya kwashe ƙasa.

Ga huhu, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.
Ga zuciya a kwalba. Na yi dariya ban shirya ba:
ashe duk ɓacin ran duniya
a nan yake taruwa,
abin da bai kai mangwaron Sinja ba!

Yaran makaranta na rubutu a littafi,
wani na taunar cingam,
wata ta toshe hanci da bakin hijabi.

Can ƙarshen layi ita ce, kwance a gilashi,
ciki a buɗe kamar ƙofar da aka manta.
Na fara daga dama, don hannuna ya saba,
na bi kafaɗa da ido, na sauka gwiwa,
sai a babban yatsan ƙafa,
can bakin farce,
ga sauran jan lalle.

Wata ta zauna ta ƙunsa mata wannan ƙafa.
An yi hira a ranar. Wataƙila an yi guɗa.

Na ce, "Wace ce?"
Intisar ta nuna takarda: goma sha bakwai.
"A asibiti ta cika, ba wanda ya zo nema."

Ban san sa'ad da na kwance gefen tobina ba,
na ɗaga zan shimfiɗa a kan gilashin.
Yarinyar ta riƙe mini wuyan hannu, ba da ƙarfi ba.
Ta ɗora yatsa, ta ce, "Kin ga wannan siririn?
Shi ke ɓallewa bayan haihuwa.
A jikinta na koyi inda ake ɗaure shi."

Ba ta ambaci uwarta ba. Ni ma ban ambata ba.
Ni na wanke Safura da hannun nan,
tabarma uku muka sake, jinin bai tsaya ba,
jaririyar na kuka a ɗakin maƙwabta.

Na mai da tobina kafaɗa.

Har yau ban warware ba.
Ƙasa na bin matar nan bashi,
likkafani na jiran ta a wani kanti,
kuma ga jikata da zare a hannu.
Malamai su yi ta, ni ba malama ba ce.

Na dai matsa kusa da kunnenta,
na yi mata sallama irin wadda nake yi musu duka,
na ce, "Baiwar Allah, sannu da aiki.
In sun sallame ki ina da sauran numfashi,
magarya na nan a ƙwarya."

A waje rana ta take.
Mai jabana ta zuba mana a ƙananan kofuna,
na miƙa hannu zan karɓa,
sai na tsaya ina kallon bayansa,
yadda igiyoyin ke motsi ƙarƙashin fata,
har ta ce, "Hajja, zai huce."